Ranar da autana ya buɗe baki na ji muryar wani

Shekarun baya, shekara biyu bayan rasuwar maigidana, a shekarar da 'yata ta haifi ɗanta na biyu, lokacin ana ta haƙa ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Doha, aka aiko mini da tikiti in je wankan jego. 'Yar tawa nas ce a can, mijinta kuma yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Suna zaune a unguwar Mansura, a wani bene da suka raba da wasu 'yan Filifin, ɗaki biyu nasu, kicin na kowa. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya karantawa, amma ku je unguwarmu a Zariya ku tambaya. Idan na fara ba da labari, mai daka ma ajiye taɓarya take yi. Kuma kunnena ba ya mantuwa. Muryar da na ji sau ɗaya, ko ta bayan katanga ce zan gane mai ita.

A lokacin wata bakwai ke nan ba ma magana da autana. Ya tafi Jamus karatun injiniya, sai wata rana ya bugo mini waya yana murna, wai ya ajiye karatun ya shiga wasan fim. Raina ya ɓaci. Na tuna yadda ubansa ya sha rana a gona domin karatun nan, na ce masa, "Tunda haka ka zaɓa, kada in sake jin muryarka." Na kashe wayar. Yaron kuwa mai biyayya ne har ya wuce kima. Bai sake kira ba. Sai dai ya rubuto wa yayarsa ta gaishe ni, ni kuma in ce na ji, in kau da kai.

Wata Juma'a bayan sun dawo daga coci, domin a can ranar Juma'a ake zuwa, surukina ya buɗe kwamfutarsa yana ta fara'a. Ya ce da matarsa, amma da ƙarfi yadda zan ji, "Ƙaninki fa ya yi kasuwa. Fim ɗin nan a Ingila bai yi wani abin kirki ba, amma a Jamus da Ostiriya da Suwizalan, duk inda ake Jamusanci, layi ake yi a gidan sinima. Ga ɗan guntun da ya turo."

Ni ina gefe ina shafa wa jariri mai. Na ce ba ruwana. Amma fa ido ɗaya yana kan jariri, ɗaya yana can.

Sai ga shi. Autana ne, da ɗan tabon nan na goshinsa, yana zaune a mota a matsayin direba. Ya juyo ya kalli wani Bature a kujerar baya, ya buɗe baki.

Jama'a, ba muryarsa ba ce.

Ɗana siririyar murya gare shi, da ɗan tsamin baki tun yana ƙarami. Wannan kuwa wata ƙatuwar murya ce mai kauri, ta dattijon da ya sha taba shekara da shekaru, tana fitowa daga bakin yaron da na goya. Leɓensa na motsi, maganar na bin leɓen daidai, ba ta gaba ba ta baya. Ya yi dariya, dariyar ma ba tasa ba.  Abu ɗaya ya faɗo mini: bakina ya kama shi. Na ce kada in sake jin muryarsa, ga shi an ɗauke ta, wani abu ya shiga ya zauna a wurin. Shi ya sa kullum rubutu yake yi.

Su suna ta tafi. Ni na miƙe na ce zan duba ruwa a wuta.

Da ni mace ce mai sauƙin kai da na tambaya a nan take. Amma ni, da ake zuwa wurina neman bayani, in tsaya gaban suruki in ce na yi wa ɗana baki? Na haɗiye. Kwana uku ko tuwo ban ci ba. In na rufe ido sai in ga bakin nan yana motsi. Na yi addu'a har gwiwoyina suka yi tsami, ina cewa Ubangiji, in hukunci ne, ni na faɗa, a ɗauki tawa muryar, na riga na yi amfani da ita.

Rana ta huɗu da safe na sauke ruwan wankan mai jego, na ɗauki jariri zan fara da shi, na nufi baho ban sirka ba. 'Yata ce ta riƙe mini hannu. Tururi na tashi tsakaninmu.

"Mama! Ruwan nan daga wuta yake!"

Na kalli ruwan, na kalli yaron. Na yi wa 'ya'yan mutane wanka sun fi a ƙirga, ban taɓa yin haka ba. Na zauna a ƙasan banɗaki.

Ta karɓi yaron ta ce, "Halas, ya isa haka, yau sai kin faɗa mini abin da ke damunki."

Na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka. Sai na ga tana cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

"Haba Mama. Ɗora murya aka yi. Da Turanci aka yi fim ɗin, Jamusawa kuma ba sa son karanta fassara a ƙasan hoto. In ana so su sayi tikiti, sai a ɗauko nasu mutanen su maimaita maganar da yarensu. Ba kin ga yara a gida suna kallon Indiya da Hausa ba?"

Na ce, "Ke, kada ki mai da ni yarinya. Na ga na Indiya. Baki na can, magana na nan, kowa ya san wasa ne. Wannan baki da magana tare suke tafiya."

Ta kira mijinta. Ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Mama, ku yi haƙuri. Turanci da Jamusanci dangi ne, kakansu ɗaya. Gida, wannan ya ce hawus, wancan ma ya ce hawus. Hannu ma kusan ɗaya suke faɗa. Shi ya sa leɓe yake dacewa. Kuma akwai waɗanda sana'arsu ke nan, zaɓen kalmar da za ta zauna a bakin mutum."

Na ce, "To in dangi ne, me ya hana su ji juna? Ni ina jin Basakkwace."

Ya sosa ƙeya ya ce dangin sun daɗe da rabuwa.

Na ce, "Kun ji muryarsa da kunnenku tun da na zo gidan nan?"

Suka kalli juna. Ba su ji ba. Rubutu kawai, saboda ya san ina kusa. Nan dariyar 'yata ta ɗauke. Ta ɗauko waya ta ce, "Yalla, maza ki kira shi. Ke kika rufe, ke za ki buɗe."

Ban taɓa jin abu mai nauyin wayar nan ba. Ta yi ta ƙara. Aka ɗauka. Na ce, "Auta, ni ce."

Shiru.

Ina jin numfashi, ina jin motoci na wucewa a can, amma ba magana. Na ce, "Auta?" Shiru. Wallahi na sha ganin tashin hankali a rayuwata, na rufe wa miji ido da hannuna, amma wannan shirun ya fi su. Na riƙe ƙofa. Duk girman kaina ya zube a banɗakin mutane.

Na ce, "Na janye. Abin da na faɗa na janye shi gaban Allah da yayarka. Ka yi mini magana, ko zagi ne."

Sai na ji wata 'yar siririyar murya tana rawa. "Mama, kin ce kada ki ji. Ban san ko an ba ni izini ba."

Na ce, "Sake faɗa."

Ya sake. Na sa shi ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin. Da ya zo tara tsamin bakin nan ya fito, na fashe da kuka, wata 'yar Filifin da ke kicin ta leƙo da ludayi a hannu.

Da ya ji dalilin, bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ranar da ya fara zama a sinima ya ji kansa, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya ce ya roƙi masu fim ɗin ya ɗora muryar da kansa tunda ya iya yaren, suka ce harshensa na baƙo ne, masu sayen tikiti sun saba da muryoyin da suka sani. Wani tsoho mai tumbi ne ya yi, har sun taɓa shan shayi tare. Na ce ka gaishe shi, amma ka ce masa ya tsufar mini da yaro.

Na fahimci bayanin, ba wai ban fahimta ba. Amma har yau ban yarda na sake kallon guntun nan ba. In na tuna cewa akwai ƙasashe uku da dubban mutane suka san fuskar ɗana ba su taɓa jin muryarsa ba, sai in ji wani iri. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba Jamusawa ba ne. Kwana huɗu na yarda da zuciya ɗaya cewa bakina zai iya yin wannan aikin, kuma duk da na yarda da haka, tun farko ban tauna maganar ba na furta ta. Tun daga nan in raina ya ɓaci da ɗa ko jika, sai in tashi in sha ruwa.

Surukina ya riga mu gidan gaskiya. 'Yata tana nan, sun koma Wakra kusa da teku, jaririn da na kusa ƙonawa ya fi ni tsawo. Tsohon Bajamushen nan, na sa an tambayo mini, an ce ya rasu, kuma na yi masa addu'a. Ni da autana kuwa muna nan. Duk Lahadi yana kira, in ya gaishe ni sai in yi shiru, in bar shi ya yi ta magana.