Gautan da aka ɗaura wa ƙyalle

Shekarun baya, lokacin da annoba ta sa aka rufe gari, ni da maigidana muna zaune a Sentul, wata unguwa a Kuala Lumpur, a saman wani dogon bene. Shi yana karatu a jami'ar da ke Jalan Semarak, ni ina gida. Da aka ce kowa ya zauna a ɗakinsa, sai karatunsa ya koma cikin kwamfuta, ni kuma aikina ya zama in share inda na riga na share. A cikin wannan gyare-gyaren na zazzage akwatina, na ga wani ɗan ƙulli a can ƙasa. Irin gauta ne. Mahaifiyata ce ta cusa min shi ranar da zan taho, na manta da shi gaba ɗaya.

Garinmu yana kan tsaunukan Jos. Damina na ɗaukewa sanyi ke saukowa, shuka ta ƙanƙance, abin da bai yi 'ya'ya da wuri ba ya makara ke nan. Saboda haka Inna tana da tsarinta. Duk shekara, gautan da ya fara fitowa, idan mai kyau ne mai santsi, sai ta yagi ƙyalle ta ɗaura masa a wuya. Wannan ba a cinsa. Ana barinsa a jikin uwarsa har ya nuna ya yi ja. Sannan ta fasa shi ta wanke 'ya'yan a ƙwarya, waɗanda suka nutse ta kwashe, masu yawo a saman ruwa ta zubar. Ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta ƙulle. Tun kafin a haife ni take haka, shi ya sa gautanta yake riga na kowa zuwa a unguwarmu. Muna yara mun san ƙyallen nan. Ko ƙanwata, duk kwaɗayinta, ba ta taɓa kai masa hannu ba.

Na kira Inna na nuna mata ƙullin ta waya. Uwata take ce min, don sunan mahaifiyarta na ci.

"Uwata, yanzu kika tuna da shi? Ai ya tsufa. Zuba duka, wanda Allah ya nufa zai fito."

Na zuba duka a wani tsohon bokiti da na huda, na ajiye a baranda. Guda uku suka tsiro. Biyu suka kwanta tun suna ƙanana, ɗaya ya tsaya.

Sai dai Kuala Lumpur ba Jos ba ce. Da rana ta take, ganyen sai ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya fara fure, furen ya dinga zuba ƙasa ba ko ɗa ɗaya. Har jan bokitin na riƙa yi zuwa cikin ɗaki in kunna masa esi. Maigidana ya ɗago daga kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, ni da na biya sadaki ba a taɓa kunna min esi da rana ba."

Da na ba Inna labari, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Mayar da shi waje, ba jariri ba ne. Ki jiƙa tsohon zani ki kare masa ranar yamma. Kuma can sama da kuke, ƙudan zuma yana zuwa?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"To ke ce ƙudan zuman. Da safe ki kama shi ki ɗan girgiza, a hankali, yadda nake tashinki zuwa makaranta."

Na ce, "Inna, ai ba a hankali kike tashina ba."

"To ki fi ni tausayi."

Haka na riƙa yi kowace safiya. Ba a jima ba wani fure ya riƙe, ɗan gauta ya leƙo, fari mai ratsin kore, irin na Inna sak. Na kira ta, na kai wayar kusa da shi. A lokacin tana kwance, muryarta ta yi ƙasa, amma ta ce in juya shi ta ga bayansa.

"Mai kyau ne. Ɗaura masa."

Na yagi gefen ƙyallen da ta ƙullo min irin a ciki, na ɗaura tana kallo. Maigidana yana ɗaki ana yi musu darasi, bai ji komai ba, ni ma ban ga dalilin yi masa bayani ba. Abin da na tashi na gani ne, na ɗauka kowa ya sani.

Tarin nan bai sake ta ba. Ta rasu kafin gautan ya gama girma. Babu jirgi, babu hanya. A waya aka yi min gaisuwa, a waya na ji an kai ta.

Bayan an share makoki na tambayi ƙanwata irin gautan Inna. Ta ce, "Yaya, bana ba ta samu ta shuka ba. Ƙulle-ƙullen da ke ɗakinta kuma, matan da suka zo gyara sun ɗauka tsummoki ne, sun haɗa da shara sun ƙone." Na ce ba komai. Na fita baranda na tsaya ina kallon bokitin. Duk abin da ta yi shekaru tana zaɓa, ga shi nan ya rage a ɗa guda. Ban faɗa wa maigidana ba. A kwanakin nan ba na magana sosai, abinci ma ba na iya ci. Yakan je shagon mamak, masu sayar da abinci a ƙasan beninmu, ya yo min tapau, wato a ƙunso masa ya taho da shi, abincin ya huce a leda yadda ya kawo shi.

Wata safiya ina zaune a kan darduma sai ga shi da faranti. Ya durƙusa ya ajiye a gabana. Gauta ne, an wanke an yanka shi gida huɗu, ga yajin ƙuli a gefe. A bakin farantin kuma ga ƙyallen, ya kwance shi ya ninke da kyau.

"Na ga kin sa masa alama, na ce wataƙila ya isa ci ke nan. Ko wannan za ki iya, tunda na Inna ne."

Maigidana ɗan cikin birnin Kano ne. Gauta a tiren talla ya san shi. Na dubi fuskarsa, na ga shi ma ya rame, ban lura ba sai ranar. Na tashi na ɗebo ruwa a kofi, na ɗan kankare 'ya'yan na zuba. Farare ne, laushi gare su. Duka suka taso sama.

Ya ce, "Mene ne?"

Na faɗa masa abin da ƙyallen yake nufi, da abin da ƙanwata ta ce. Ya zauna a ƙasa daɓas. Ya yi salati, ya sake yi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ɗauki farantin zai fita da shi, na riƙe.

Na ce, "Ajiye, Malam. An riga an yanka."

Na dangwali yajin na ci. Ɗan ɗacin nan ne da zaƙi a bayansa, irin wanda muke ci a bakin lambunta. Na cinye uku, na miƙa masa ɗaya. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun da aka faɗa min, kuma ranar na ci tuwo.

Washegari na fita baranda na tarar da shi ya riga ni. Ya kama jikin shukar da yatsa biyu yana girgizawa, kamar mai tsoron kada ta farka.

"Haka ake yi?"

Na ce, "Ƙara kaɗan. Ba za ta karye ba."

Fure ya ci gaba da zuba. Shukar ma ta fara gajiya, ganyen ƙasa suna yin rawaya. Can da na fara cire rai, sai wani ya riƙe a reshen baya. Ƙarami ne, a karkace, da tabo a gefe. Da Inna ce, ba za ta ko dube shi ba, miya za ta jefa shi. Na ɗaura masa ƙyallen. Muka bar shi har ya yi ja, fatarsa ta fara yamutsewa.

Ranar da na fasa shi maigidana yana tsaye a kaina. Na zuba 'ya'yan a kofi na juya da cokali, muka jira ruwan ya kwanta. Da yawa sun taso. Amma a ƙasan kofin akwai waɗanda suka zauna, ba su fi cikin ƙaramin cokali ba.

Sai maganar toka, mu kuwa da gas muke girki. A lokacin an ɗan sassauta kulle. Ya sa takunkumi ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Kampung Baru, wajen masu gasa sate, tsiren mutanen can. Ya ce da ya roƙi toka, mai gasawar ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko ya tabbata ba naman yake so ba. Ya dawo da toka a leda, ya haɗo da tsiren don kunya.

Na sake shukawa a barandar nan har sau biyu kafin mu dawo gida, ina zaɓa yadda ta koya min. Da muka dawo na raba irin da ƙanwata. Ta ce min shekarar farko bai riga na maƙwabta ba, amma tana ɗaura wa na farko ƙyalle, yana dawowa hanya a hankali.

Na daɗe ina tunanin gautan farko, wanda Inna ta gani da idonta ta ce mai kyau ne. A da ina jin zafin rashinsa. Yanzu idan na tuna, sai in ga shi kaɗai ne abin da ta zaɓa da kanta ya shiga bakina bayan ta tafi, kuma a ranar da na fi bukatarsa. Ban san yadda zan auna wannan da wancan ba, na bar wa Allah.

Har yau ina shuka shi a bayan gidanmu. Maigidana kuwa ko leda ya gani a ƙulle a kicin ba ya taɓawa sai ya tambaya. Idan gauta ya fara zuwa, yakan tsaya a bakin lambun, hannuwansa a baya, ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, wannan namu ne ko na Inna?"