Takun Ilu: Shekara Ashirin Bayan Rasuwar Yayana Sabo

Shekara ashirin ke nan da aka binne yayana Sabo a Rano, kuma bai taɓa yin suna irin na bana ba. Samarin Kano suna yawo da riguna masu hoton fuskarsa, fuskar da a zamaninsa ko mai shayi ba ya son gani da sassafe. An ce har a ƙasashen Turawa akwai masu sauraron kiɗansa suna kaɗa kai, ba su san abin da yake faɗa ba. Mai kula da wannan shafi ya roƙe ni in rubuta waiwaye a kansa, tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Na gaya masa zan rubuta, amma kada ya sa ran yabo.

Ga wanda bai san su ba, ƙungiyarsu ana ce mata 'Yan Tsatsa. A shagon wani mai walda suke atisaye, can bayan tashar Rano, cikin tarkacen ƙarafa. Sabo ne mai jita kuma mai waƙa, in har za a kira abin da yake yi waƙa, don ihu ne kawai da maƙogwaro a buɗe. Jitarsa tana ƙara kamar ana goga ƙarfe da zarto. Akwai mai babbar jita, wadda mutum yake fara jin ta a ciki kafin ta iso kunne, sai makaɗinsu da ya haɗa kalangu da ganga da wani tsohon wilin mota. Babu gidan rediyon da ya taɓa sa su. Dattawa sun ce 'yan iska ne, mawaƙan gargajiya sun ce mahaukata ne. Direbobin da ke jigila tsakanin Kibiya da Rano da Kano su suka yaɗa kaset-kaset ɗinsu, wannan ya kwafa ya ba wancan, har sautin ya dushe.

Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, ko da ta rage masa daraja ce: kiɗan yana da kyau. Ba su taɓa yi wa mai kuɗi kirari ba, ba su taɓa roƙon kowa ba. Sun yi waƙa a kan takin da ake rabawa a takarda ba ya isa gona, sun yi a kan rijiyar burtsatse da aka buɗe da tafi da guɗa alhali babu ruwa a ciki. Yaron da ya gama makaranta yau yana zaman kashe wando, idan ya ji Sabo yana wannan ihun, ji yake kamar bakinsa aka ara. Na gane wannan sarai. Amma ba waɗannan waƙoƙin ne suka kai Sabo Turai ba. Wadda ta kai shi ita ce “Takun Ilu”, kuma Ilu mijina ne.

Ku lura da abin da aka sa na yi yanzu. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunan mutumin nan da bakina ba, Malam nake ce masa. Yau ga ni ina rubuta sunan a jarida, don me ya rage a ɓoye? Yaran da ba su kai sa'ar jikansa ba suna ihu da shi a gidajen biki.

Malam manomin albasa da tumatir ne a Kibiya. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu yana ƙarami, ta zama gajera kuma ba ta da ƙarfi, don haka in zai yi tafiya sai ya dire ta dama da nauyi, ya jawo ta hagu, ya ɗan dakata, sannan ya sake direwa. Abokin Sabo ne tun suna yara. Shi yake ɗora musu lasifika a amalankensa duk inda za su yi wasa, Rurum ko Fassi, ba don yana son kiɗan ba, don dai abota. Wata ranar da yamma a Fassi ya ɗauko lasifika a ka yana ratsa fili da ita, Sabo yana zaune yana kallonsa. Sai ya ce wa mai babbar jita ya bi ƙafar Ilu. Malam ya dire, jita ta dire. Ya ja, jita ta ja. Makaɗi ya shigo a wurin dakatawar. Malam ya juyo ya ga suna dariya, shi ma ya yi dariya, to me mutum zai yi da lasifika a kansa da jama'a a kewaye? A lokacin an riga an sa ranar aurenmu.

Waƙar ba ta da wasu baitoci. Sunansa ne kawai ake ta maimaitawa, da “taka, ja, taka”. Da na ji ta a motar haya, ban ƙarasa inda za ni ba, na sauka na wuce shagon walda na same shi yana ɗaura wa jita waya.

Na ce, “Yaya, mutumin da zan aura ne fa.”

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, “To ni na gajarta masa ƙafa? Ke dai ba ki da kunne. Duk ƙasar Rano babu mai tafiya da daɗin ji irin tasa.”

Haka yake. Bai tsani Malam ba, da ma tsanarsa ya yi da abin ya zo da sauƙi. Sabo mutum ne da in ya ji kiɗa a cikin kukan uwarsa zai tsaya ya saurara kafin ya tambaye ta abin da ya same ta. Masu kiransa gwarzon talakawa su rubuta wannan ma a rigunansu.

Daga nan Malam bai ƙara ratsa kasuwar Kibiya lafiya ba. 'Yan kamasho a tasha suna yi masa fito daidai da takunsa, direbobi suna danna hon, dire, ja, dire. Ranar da aka kai ni gidansa, da wannan hon ɗin motocin kai amarya suka shiga gari, ƙawayena suna toshe baki da mayafi. Bai taɓa yin faɗa da kowa a kai ba. Abin da kawai ya koya shi ne bin bayan gari, ta cikin gonaki, in zai je wani wuri.

'Yan Tsatsa ba su daɗe ba. Suka watse da rigima kamar yadda suka saba yin komai, Sabo ya yi ta gararamba a Kano, ya dawo Rano da ciwon ƙirji, ya rame kamar kara. Masu rawa duk suka ɓace. Malam ne yake hawa mota daga Kibiya ya kai shi asibiti, ya dawo da shi, ya zauna yana yi masa fifita. Ranar jana'iza ya dage sai ya kama makara. Mu mata muna gida, wani maƙwabcinmu ne ya ba ni labari daga baya, yana faɗa yana sunkuyar da kai: da Malam ya sa kafaɗa, sai makarar ta ɗauki tafiyarsa, ta dire, ta ja, ta dakata. A sahun baya wani ya kasa riƙe dariya. A kan kiɗansa Sabo ya tafi kabarinsa, kuma na rantse da zai iya leƙowa da ya ce a ƙara sauri kaɗan.

Bayan haka Allah ya kawo mana sauƙi. Kaset ya mutu, direbobin da suka san waƙar suka tsufa, yara suka taso ba su taɓa jin ta ba. Malam ya daina bin bayan gari. Ya zama Malam Ilu na sahun gaba a masallaci, wanda ake kira in makiyayi da manomi sun saɓa a kan ɓarna. Ranar kasuwa yakan ratsa ta tsakiya, ya tsaya nan a gaisa, ya tsaya can ya taya albasa. Na ga mutumin nan ya yi ƙiba, na ji shi yana tsokanar jikoki. Na ɗauka mun gama biya.

Sai ga wani ɗan bani-na-iya ya tono tsohon kaset a kwandon kakansa ya ɗora a intanet. Kafin mu farga an ƙirƙiro rawa. 'Yan mata da samari masu ƙafafu biyu lafiyayyu suna ɗingishi a gaban waya, suna jan ƙafar hagu, suna wani karkace kafaɗa. Da yawansu sun ɗauka Ilu sunan ƙirƙira ne, har wani ya gano cewa yana nan da ransa a Kibiya.

Bara wasu samari suka zo daga Kano da kyamara. Ba zan ce ba su da ladabi ba, har ƙasa suka durƙusa, suna Baba kaza, Baba kaza. Suka ce tarihi suke haɗawa, abin da suke so kawai ya tako daga bakin zaure zuwa gindin darbejiya su ɗauka. Malam ya sa aka kawo musu ruwa da fura, ya ce su yi haƙuri, ba zai yi ba. Suka yi godiya suka tashi. Ashe ba su bar gari ba. Suka jira ranar kasuwa suka bi shi a baya, suka ɗauke shi yana tafiya da buhunsa a hannu, suka ɗora kiɗan a kai. Ko taku ɗaya bai kauce ba. Tsoho mai furfura yana tafiya, jitar mamaci tana bin sa kamar jiya aka yi ta.

A majalisarsu ta bayan la'asar ya gani, a gaban sa'o'insa. Wani ne ya miƙa masa waya da murna, wai ya ga ya shahara. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar wa mai ita, ya jira kowa ya watse sannan ya tashi.

Kasuwa ya fara bari, sai gona, sai masallaci. Likita ya gaya masa a gabana cewa da ciwon sugan da ke jikinsa, in bai riƙa motsa ƙafar nan ba za ta sandare, ta ja lafiyayyar ma. Malam ya ce ya ji. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na turo masa limami. Ko a tsakar gida sai ya ga na juya baya yake tashi, ni da na shekara talatin da wani abu ina jin takunsa. Yanzu abin da likita ya faɗa ya faru. Sai 'ya'yansa sun kama shi ta hammata ake kai shi bayan gida.

Mutane suna tambayata me Sabo zai ce da ya ga wannan zamani. So suke in ce zai yi kuka, zai yi nadama. Ni na san yayana. Zai karɓi wayar, ya kalli bidiyon, ya maimaita, ya buga cinya ya ce kun gani ko, shekara nawa amma ko kaɗan bai kuskure ba. Sannan ya tambaya ko akwai sauran furar.

Makon jiya aka kira ni a waya. Za a yi taron tunawa da shi a Kano, ana so in je a matsayin ƙanwarsa, kuma in da hali in taho da Baba Ilu, a hau da shi dandamali, ya ɗan taka ko kaɗan ne jama'a su gani. Yarinyar da ta kira sai zumuɗi take. Na ce mata ta nemi jaridar wannan mako, amsarta tana ciki.

Na gaya wa Malam, don ba na ɓoye masa komai. Yana kishingiɗe a tabarma. Ni kuma abin da ya daɗe yana ci na na tambaye shi, don malamai sun ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Na ce, “Malam, ka yafe wa Yaya?”

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ya ce, “Na yafe masa tun ranar da muka rufe shi. Amma a lokacin na ɗauka abin ya ƙare.”

Ban sake tambaya ba, shi ma bai ƙara ba.

To ga abin da ya rage na Sabo, tunda shi aka ce in auna. Kiɗansa yana nan, bai tsufa ba, kuma zai wuce ni, ya wuce ku. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla domin ciki ɗaya muka fito, amma bakina ne kawai yake yi. Ku yi taronku, ku yi rawarku, ku ja ƙafar hagu yadda kuke so. Wanda kuma yake son ganin Ilu da idonsa, ya zo Kibiya ranar Juma'a da hantsi. Muna neman masu ƙarfin da za su ɗauke shi zuwa masallaci.