Naman Layyar da Muka Juye a Kwata

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Abin da na tabbata shi ne ban daɗe da gama jami'a ba aka turo ni koyarwa a wata makarantar sakandare a Gummi, kuma ni mutum ne mai tsoron kuskure, musamman a sha'anin addini. 'Yar majami'armu ta baƙi ce, malamai da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa daga jihohi daban-daban. Da suka ga ina da karatu, sai suka ɗora mini nazarin Nassi na ranar Laraba. Na riƙe aikin da gaske, watakila fiye da kima.

A cikinmu akwai wata dattijuwa, ungozoma ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta fi kowa daɗewa a garin. Mu muna ce mata Mama, maƙwabtanta Musulmi kuwa Inna suke kiranta, don yawancin 'ya'yan unguwar a hannunta aka haife su. Duk Babbar Sallah sai su yi ta aiko mata naman layya, ita ma ranar Kirsimeti ta aika musu shinkafa da kaji. A shekarar nan naman ya yi mata yawa, sai ta soya, ta yi miya, ta kawo majami'a ranar Lahadi don mu ci tare bayan sujada. Ba ta ɓoye komai ba. Da na tambaye ta, cikin dariya ta ce na layya ne, in ci in ƙara, ta lura tun zuwana garin wuyana sai ƙara tsawo yake.

Kamata ya yi in ja ta gefe. Ban yi ba. Na miƙe a gaban kowa na karanta ayoyin da suka yi magana a kan naman da aka yanka wa gumaka, na ce ba za mu sayar da sahihiyar koyarwa don tsoka ba. Ban tsaya na tambayi kaina ko maƙwabtanta gumaka suke yanka wa ba, alhali na san ba haka ba ne. Mutanen da maiƙo ke leɓunansu suka fara tofarwa. Wani dattijon ikilisiya, wanda in ban manta ba ya ci faranti biyu, ya sa yatsa a maƙogwaro a gaban jama'a. Wata mata ta ce dama ita tun farko jikinta bai ba ta ba, alhali na ga ta ƙunshe wani a leda ta tura jaka. Aka ɗauki tukunyar aka juye a kwata bayan majami'a, karnuka da ƙudaje suka yi kwanaki a kai. Mama tana tsaye da ludayi a hannu, ba wanda ya kalle ta.

A makon aka sa ta horo: zama a bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin tarayyar masu bi, har wata uku. Da muka haɗu a ƙofa ba ta yi mini faɗa ba. Ta kira ni ɗanta, ta ce da a gida na same ta ai da ta saurare ni. Lahadi biyu ta zauna a bencin, daga nan ba ta sake zuwa ba. Da damina muka ji ba ta da lafiya, amma ba wanda ya je, kowa na tsoron a ce ya goyi bayanta. Ni ma na yi ta cewa gobe. Ranar da na je, wani malami maƙwabcinta ya shimfiɗa mini tabarma, ya ba ni ruwa, ya ce matan gidansa ne suka yi jinyarta har danginta suka zo suka tafi da ita garinsu. Ya ce Inna ta yi ta tambaya ko mutanen cocinta sun leƙo, sannan cikin ladabi ya tambaye ni ko dukanmu tafiya muka yi.

Ba na cewa koyarwa ba ta da muhimmanci. Na san masu bi na ƙwarai da ba sa cin naman layya saboda lamirinsu, wasu kuma suna ci da godiya, kuma ban isa in yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da nake ƙyama shi ne yadda na ji daɗin tsayuwar nan, da yadda muka kira abin kishin gaskiya. Duk wanda aka ba shi Nassi ya koyar, ya fara bincika ko ya fahimci ayar, sannan ya je gidan mutum kafin ya tsayar da shi a gaban jama'a.

Waɗanda suke wurin a ranar, ina roƙon ku aiko da gyara ta hannun edita inda na yi kuskure, ku kuma gaya mini ko tana raye. Abu ɗaya na fi so a warware mini. A tunanina dattawa ne suka kawo shawarar horon, amma wani lokaci in na tuna taron da aka yanke horon, muryata nake ji.