Barcin Itatuwan Kawu Tino

Celestino Melerine, wanda duk ƙauyen Verret ke kira Kawu Tino, bai taɓa rataya kalanda a ɗakinsa ba. Mai kanti kan raba ta kyauta duk ƙarshen shekara, shi kuwa sai ya karɓa ya miƙa wa matarsa Delfina ta shimfiɗa a ƙasan akwatin tufafi. Itatuwan sipre da suka cika fadamar bayan gari su ne kalandarsa. Idan ganyensu ya yi ja ya zube, sanyi ya iso, sai a ɗauko tarkuna a shiga kamun gafiyar fadama, wadda fatarta ke ciyar da gidajenmu a nan kudancin Louisiana tun zamanin kakanni. Idan suka fara fitar da sabon ganye gab da bikin Ista, a kwashe tarko a koma kamun kifi. A bukkar farauta cikin fadamar nan aka haife shi, kuma abin da ya tashi ya sani ke nan.

Duk shekara da sanyi sai an samu wani ɗan birni daga New Orleans, mai sayen fata ko maharbin agwagi, ya dubi itatuwan nan tsirara, ya yi tagumi, ya tambayi abin da ya kashe su. Wannan tambaya ita ce abin dariyar garinmu. Tino kan ɓata fuska kamar mai ta'aziyya, ya bar baƙo ya gama jimaminsa, sannan ya ce, "Barci suke yi, ɗan birni. Ka dawo da Ista ka gani." Har yaran gari sun haddace amsar.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Anselmo. Tino ba mai dogon buri ba ne, bai nemi mota ba, bai nemi gidan bulo ba. Abu ɗaya ya sa a ransa: ya tsufa yana ganin kwalekwalen ɗansa ɗaure kusa da nasa.

Ana nan sai manya suka ce za a haƙa wa jiragen ruwa hanya daga teku kai tsaye zuwa birni, ta tsakiyar fadama. Masu kwat suka zo zauren coci da taswira, suka ce masana'antu za su jeru a bakin hanyar, aiki sai wanda ya ƙi. Mutane suka tafa musu. Injunan haƙa suka yi shekaru suna cin ƙasa. Masana'antun dai har yau ana jiransu. Jiragen kam sun zo, manya-manya, suna wucewa ba ko sannu, igiyar ruwan da suke bari a baya tana zaftare gaɓa kaɗan-kaɗan. Mutanen gari suka laƙaba wa hanyar suna Kwatami.

Shekarar da matar Anselmo ta yi cikin fari, wani abokinsa ya samo masa aiki mai kyau a wurin ƙera jirage a Texas. A shekarar ce kuma ganyen sipre ya yi ja tun ana tsakiyar zafi, cikin watan Agusta. Da baƙo ne ya gani, da ya tsorata ya yi tambaya. Tsofaffin Verret kuwa, da yake sun san itacen, murna suka yi. Suka ce sanyi zai zo da wuri kuma da ƙarfi, gashin gafiya zai yi kauri, bana kowa zai warke. Tino ne kan gaba wajen wannan fassara, ya kuwa dawo gida yana ta zumuɗi.

Anselmo ya ce, "Baba, ciyawar da gafiya ke ci fa duk ta ƙone a gefen Kwatami. Da idona na gani."

"Kai da aka haifa jiya za ka koya mini fadama? Itace ya ce sanyi na tafe. Ka taɓa jin ya yi ƙarya? Texas ɗin ba gudu za ta yi ba."

Anselmo ba mai musu da uba ba ne. Ya aika wa abokinsa cewa a ba wani, suka sayo sababbin tarkuna suka jira.

Sanyi ya zo a lokacinsa, ba wani ƙarfi. Tarkuna suka wuni a buɗe, wanda ya kama ma sai a tarar da ƙaguwar teku a ciki. Mai sayen fata ya zo sau ɗaya, ya dubi katakan shanya babu komai, ya sha gahawa don kunya, bai sake dawowa ba. Miyar Delfina ta koma kabeji da wake, naman sai ƙamshi. Ita ce ta fara lura cewa wandon da Tino ke shiga ruwa da shi, in ya bushe sai wani farin gari ya fito masa kamar an barbaɗa. Ta nuna masa. Ya ce gumi ne. Gumi a watan Janairu, har gwiwa! Ta ci gaba da wankinta.

Da Anselmo ya sake tayar da maganar tafiya, Tino ya roƙe shi ya jira Ista. In itatuwa suka fito da ganye, fadama lafiya take, gafiya za ta dawo. In ba su fito ba, ba zai ƙara tare shi ba. Ya faɗi haka ne da ƙarfin zuciya, don tun da yake bai taɓa ganin Istar da ta same su tsirara ba.

Ista ta zo. Ɓauren bayan gida ya yi ganye, lambun Delfina ya yi kore shar, fadama kuwa tana nan toka-toka. Tino ya ce sun makara ne. Da mako ya zagayo ya ce wa ɗansa ya ɗauko filafilin kwalekwale, suka nufi babban itacen da bukkar da aka haife shi take jingine da shi a da. Ya sa wuƙa ya ɓare ɓawon, ya tarar da shi a bushe har ciki. A gindin kuma ga ƙananan ƙwansunan teku sun manne, irin waɗanda ake kankarewa daga ƙasan jirgi. Ya kamfaci ruwa da tafin hannu ya kai baki, ya ji gishirin teku. Bai tofar ba, haɗiyewa ya yi.

"Ka tafi, Anselmo," in ji shi. "Ni na riƙe ka."

Aikin nan tuni wani ya shige. Anselmo ya tafi duk da haka, ya yi ta faɗi-tashi da ƙananan ayyuka, a can aka haifi 'yarsa Corina. Bai taɓa yi wa ubansa gori ba, kuma wannan ya fi ci wa Tino rai fiye da zagi.

Gidaje suka yi ta watsewa. Tino ya koma kamun ƙaguwa a daidai inda yake kafa tarko a da. Kwatami ya ci gaba da faɗi, jiragen da aka haƙa shi dominsu kuma suka yi ta raguwa. Itatuwan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage suna tsaye cikin ruwa ba reshe. Wata shekara Delfina ta rataya kalandar mai kanti a jikin bango, ya gani, ya bar ta a wurin.

Sai da Corina ta isa shiga makaranta Anselmo ya samu halin kawo ta, da Kirsimeti. Tino ya wanke kwalekwale tun da sassafe, ya zaunar da ita a tsakiya, ubanta a gaba. Yarinyar ba ta jin Sifaniyancin da muka gada daga kakanni, sai Turanci. Suna shiga filin ruwan da fadamar ta koma ta nuna kututturan ta ce, "Kaka, me ya kashe itatuwan nan?"

Amsar ta fito da kanta, kafin ya tare ta. "Barci suke yi. Ki dawo da Ista ki gani."

Ta yi tsalle har kwalekwale ya karkata, ta ce wa ubanta lalle sai ya kawo ta. Anselmo bai waiwayo ba.

Ranar da za su koma, Tino ya raka su har mota. Ya jira yarinyar ta shiga ta rufe ƙofa, sannan ya kama hannun ɗansa, wanda ya yi shekaru yana duban hanyar dawowarsa.

"Kada ka kawo ta da Ista," in ji shi.