Ranar da Suka Durƙusa wa 'Yata

Ko zan manta da komai na zamanmu a Landan, ba zan manta da Asabar ɗin da na kai mahaifiyata kallon wasan 'yata ba.

Yarinyar ta fara wasan nan na takalma masu taya, wanda ake ce wa rola dabi, tun tana sakandare a unguwar Catford. Ni ma da fari gabana faɗuwa ya yi, don abin da na sani a tsofaffin bidiyo shi ne mata suna gabzar juna 'yan kallo na ihu, kamar kokawar talabijin. Sai da na raka ta atisaye na ga an wuce nan tuni. Ga alƙalan wasa, ga dokoki, ga koci marar wasa, ga gasa tsakanin garuruwa har da ƙasashe. Ta sha gumi kafin a ba ta hular kwano mai tauraro, wato ita ce mai kutsawa tsakanin abokan hamayya tana ci wa ƙungiyarta maki.

Ana haka mahaifiyata, Hajiya, ta zo daga Zariya ganin likitan ido. Idon da aka ce ba ya gani sosai, shi ya hango kumburi a gwiwar jikarta. Da aka yi mata bayani ta ce, "Dambe ke nan a kan taya. Takwara, ba da yawuna ba." Baban yarinyar kuwa ba ya ƙetare maganar surukarsa. Ya ce in Hajiya ta ce a bari, to an bari. 'Yata ta shige ɗaki, ina jin kukanta har kicin. Da ƙyar na roƙi Hajiya ta kalla sau ɗaya kafin ta yanke hukunci.

Muka zauna a zauren wasan, Hajiya ta naɗe cikin mayafi tana jan carbi, fuska a murtuke. 'Yata ta fito da ɗan hijabinta a ƙarƙashin hular kwano. Duk bangazar da aka yi mata sai Hajiya ta ce, "Subhanallahi!" ta harare ni kamar ni na ture ta.

Can 'yata ta zo kwana da gudu, wata ta tare ta da kafaɗa, ta zube. Ba ta tashi ba. Aka busa usur. Na miƙe, na san ko ta tashi lafiya, wasa ya ƙare mata.

Sai na ga duk 'yan wasan sun sa gwiwa ɗaya a ƙasa, zauren ya yi tsit. Al'adarsu ce, in wata ta ji ciwo kowa ya durƙusa har sai ta tashi. Na sani, amma ban taɓa tunanin faɗa wa Hajiya ba.

Ta riƙo hannuna. "Wa suke durƙusa wa?"

"Takwararki, Hajiya."

"Har wadda ta kayar da ita?"

"Har ita."

Ta ƙura musu ido. A gidanmu manya ake durƙusa wa, ga shi ƙattin matan Turawa sun yi wa jikarta. Da 'yata ta miƙe tana ɗingishi aka ɗau tafi, na waiga na ga Hajiya tana share ido da bakin mayafi.

A gida ita da kanta ta shafa mata man zafi a idon sawun da ya bugu. 'Yata ta ce da Hausarta mai gargada, "Kaka, zan yi quitting?" Wato ko ta daina wasan.

Hajiya ta ce, "Yaran nan suna da tarbiyya. Ki warke ki koma. Amma ki daina tsayawa ana ture ki kamar buhun gero."

Hajiya ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta, 'yata kuma tana buga wa babbar ƙungiyarsu. Abin da na koya ranar shi ne, dattijo ba sabon abu yake tsoro ba, tsoronsa a jefa ɗansa inda ba a san darajar mutum ba. Da Hajiya ta ga an sani, sai ta sakar wa jikarta mara.