Ɗiyar da ke cikin ƙanwata

Ƙanwata ba ta da daɗin zama, wannan ba zan ɓoye ba. Da safe za ta rungume ki ta ce duk duniya ba ta da kamarki, kafin la'asar ta watsar miki da kaya tsakar gida don kin leƙa kasuwa ba ki gaya mata ba. A kan haka aurenta ya mutu. Mijin direba ne, duk sanda ya yi lodi ya kwana a hanya, sai ya dawo ya tarar ta tsattsaga hannunta da reza. Da ya gaji ya sake ta, ni da mijina muka ɗauko ta muka kawo ta gidanmu a Gusau.

Amma ni na san inda abin ya samo asali. Tana 'yar yaye uwarmu ta fita daga gidan babanmu. Aka ba Gwaggo riƙonta a Tsafe, Gwaggo ta gaji ta tura ta Bunguɗu, na Bunguɗu suka gaji suka maido ta. Haka aka yi ta yawo da ita kamar tukunyar aro, kuma a kowane gida magana ɗaya take ji: ke ba mai iya zama da ke.

Lokacin da ta zo gidanmu ba a daɗe da ba mu jiha ba, Gusau ta cika da sababbin ma'aikata. Cikinsu akwai wata likitar ƙwaƙwalwa, Bakanuwa, da ta yi karatu a waje ta biyo mijinta. Maƙwabciyata ce ta yi mana hanya. Matar ba ta yi wa ƙanwata allura ba, ba ta ce mahaukaciya ce ba. Ta ce ciwon hali ne, kuma hanyar da za ta bi da ita sunanta sikima. Ta yi mini bayani da burtali: abin da aka yi wa mutum yana ƙarami yakan zame masa hanyar da aka tattake, ko ya girma nan zuciyarsa za ta riƙa bi. Burtalin ƙanwata shi ne za a tafi a bar ta.

Likitar takan ajiye kujera babu kowa a kai, ta ce wa ƙanwata ta zaunar da muryar da ke zaginta a cikin zuciya a can, ta ba ta amsa. Ta kuma ce mata akwai ƙaramar yarinya a cikinta, wadda aka yi ta bari a gidajen mutane, ita ce ke firgita in an fita, kuma yanzu ita babbar ce za ta koyi rarrashinta. Ni da farko dariya abin ya ba ni. To, amma wallahi na gani da idona. Aka yi watanni ba ta taɓa reza ba. Har Sakkwato na je ta'aziyya na kwana, na dawo na tarar ta yi mini tuwo.

Sai suna ya kai mu Bunguɗu. Ana cikin raba waina, Gwaggo ta dubi ƙanwata ta ce ta ga ta yi ƙiba, ta yi haske. Ita kuwa baiwar Allah, don murna an yabe ta, ta buɗe baki ta mayar da maganar likita da harshenmu na Zamfara.

"Gwaggo, ai likita ta ce akwai ƙaramar ɗiya a cikina. Ni ka kula da ita yanzu."

Gwaggo ta saki ludayi. "Mi kika ce? Ɗiya? Bazawara ba miji? Innalillahi!"

Na yi tsalle na shiga tsakani, na ce ba wannan cikin ba, ba irin wannan ɗiyar ba. Ina! Wa zai saurare ni? Matan da ba su taɓa tambayar ko ta ci ko ta sha ba, duk suka taso da mai a baki suna leƙen cikinta. Kafin mu samu bas ɗin Gusau, labari ya riga mu isa Tsafe wurin Baffa, ƙanen babanmu, wanda shi ke da iko da mu tun rasuwar Baba.

Ya aiko a kai ta. Na bi ta. Aka kira ungozoma, aka kwantar da ita a tabarma gaban matan gida, tsohuwar ta yi ta danna mata mara da hannun da ko wanke shi ba ta yi ba daga cin goro. Tir! Ta gama ta ce ba komai.

Na ce to alhamdu lillahi, sai a ba ni ƙanwata mu tafi. Baffa ya gyara zama.

"In ba ciki ne ba, to ɗiyar mi ce? Likita da bakinta ta ce akwai wata a jikinta. Kuma an ce mini har kujera akan aje ma wadda ba a gani, ana magana da ita. Ke da karatunki ba ki san iska ba in kin ji?"

Na ce Baffa, misali ne. Na ce ya zo Gusau ya ji daga bakin likitar. Ya ce shi ba ya zuwa gaban mace ta koya masa abin da ya sani tun ba a haife ta ba. Na yi magana har na wuce gona da iri, ya ce in na ƙara zai ɗaga mini hannu gaban 'ya'yana.

Da hantsi aka kawo mai cire iska, wani ƙato mai warin turare da zufa. Aka rufe ɗaki, aka tura hayaƙi, maza biyu suka danne ta. Ni aka tsare ni a bakin ƙofa. Ina jin bulala, ina jin yana daka tsawa: "Hito, ɗiya! Wa ya aiko ki?" Can sai na ji ƙanwata da wata siririyar murya, irin wadda take yi tana ƙarama in an ɗaura mata kaya a ɗankwali: "Don Allah kar ku bar ni. Zan yi hankali. Kar ku bar ni."

Sai tsakar gida ta ɗauki kabbara. Wai aljana ta yi magana! Gwaggo har da share hawaye. Wannan muryar fa a gidanta aka fara yin ta, shekara da shekaru tana jin ta, amma ba ta gane ta ba. Ban taɓa jin ƙyamar jinina ba irin ta ranar nan.

Baffa ya yanke cewa ba za ta koma Gusau ba, tunda can ake ba iskar kujera. Za a kai ta Kekun Waje, gidan wata 'yar uwar babanmu da ko saninta ba ta yi ba. Mijina ya zo ya roƙa, Baffa ya ce ɗiyarsa ce ko tamu?

Na raka ta tasha. Ina jiran ta riƙe mini mayafi, ta yi ihu, ta zage ni ma, in samu abin da zan nuna musu. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shiga bas ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya, tana kallon bayan kujerar gabanta.

Gwaggo ta taɓa ni. "Kin gani ko? Ta warke."

Na leƙa ta taga na ce mata zan zo in ɗauko ta, ta yi haƙuri. Ta juyo ta dube ni kamar yadda ake duban mai sayar da ruwa a tasha.

"Ba sai kin zo ba, Yaya," in ji ta. "Ki dai gaya ma likita ta daina aje mini lokaci. Ɗiyar ta hita."