Ranar da alƙali ya saurari rediyo babu murya

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta rufe makarantu, ni ma ta zaunar da ni. Dillalin shanu ne ni a karar Illela. To ga iyaka a garƙame, ga kasuwa ba ta ci, sai na koma gida ina damun mutane da surutu. Karatuna na boko aji biyu ne, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Ina da jika, ɗiyar babban ɗana, kurma ce tun haihuwa. Makarantar kwana ta kurame take yi a Sakkwato, kuma shekarar ce za ta rubuta jarrabawar aji uku na sakandare. Aka sallamo su, aka ce kowa ya kama rediyo, a can za a riƙa ba da darasi, jarrabawa kuma tana nan idan an koma. Ubanta ya riga ya yanke: in ta faɗi, karatu ya ƙare, ta zauna gida. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa.

Da hantsi ƙannenta su kewaye rediyo da littattafansu. Ita kuwa ta ɗora tafin hannu a kan akwatin tana jin yadda yake kaɗawa. Rabonta da darasin ke nan.

Sai na ce ai ga ni. Mu dillalai da yatsu muke ciniki a ƙarƙashin hannun riga, na sha sayar wa Bazabarme bijimi ban ce uffan ba. Maganar hannu za ta gagare ni? Na naɗa kaina tafinta. Malamin rediyo ya ce yau za a koyi yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana. Na nuna rana, na nuna ganye, na kai loma baki. Yarinya ta tashi ta shiga madafa ta kawo mini kwaɗon zogale. Na cinye, don ba a wulaƙanta abinci. Ranar lissafi kuwa, ko me malam ya faɗa, yatsuna farashin bijimi suke bayarwa.

A haka ɗiyar abokina ta same mu. Lauya ce a Sakkwato, ta zo ganin gida ta biyo gaishe ni. Ta yi dariya har ta dafa bango, can sai dariyar ta ɗauke.

"Baba, wanga aiki tun yaushe?"

"Tun da anka rufe. Kuma ana samun ci gaba, jiya mun ci zogale."

"Kotu za mu, Baba."

"Kotu? Wa munka kama da sata?"

"Ba sata ba ta. Doka ta ce karatu haƙƙin kowane yaro na. Tunda an ba masu ji, ita ma a ba ta."

Ni a sanina kotu ta rikicin gona ce da saniyar da ta ɓata. Ban taɓa jin an kai ƙara don yaro bai samu darasi ba. A zamaninmu wanda bai samu darasi ba murna yake yi.

Ta nemo iyayen wasu kurame daga Amarawa da Araba, ta shigar da ƙara a Sakkwato a kan masu shirya darasin. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Ranar da aka zauna na sa rigata ta Sallah, na ɗaura takunkumi, tun daga Gwadabawa nake bitar jawabina a mota. Har aka tashi ba wanda ya nemi jawabin.

Lauyan ɗaya ɓangaren mutum ne mai ladabi. Ya ce rediyo ya shiga ko'ina, har ƙauyen da bai san lantarki ba, don haka ba a ware kowa ba. Wallahi sai da na gyaɗa kai, na manta ɓangaren da nake.

Ɗiyar abokina ta nemi izni, ta ajiye ɗan ƙaramin rediyo a kan tebur, ta kunna darasin da ta naɗo. Da malam ya fara magana sai ta murɗe muryar har ƙasa.

"Ya mai shari'a, ina roƙon kotu ta saurari darasin nan yadda yarinyar nan ke sauraronsa."

Aka yi tsit. Sai 'yar jar fitilar rediyo da ƙarar fanka. Na zaci alƙali zai ce ya gane, a wuce wurin. Bai ce ba. Ya ajiye biro, ya harɗe hannu, ya zuba wa akwatin ido. Babban mutum, da ɗan sanda a bayansa, yana sauraron abin da ba ya fita. Aka daɗe. Mutane suka fara mutsu-mutsu a kan benci, ni da ban iya shiru ba gumi ya karyo mini. Duk ɗakin mutum ɗaya ce ke zaune hankali kwance, ita ce jikata. Ta saba.

Sannan aka kira ta, malamarta ta tsaya gefe tana fassara. Jama'a, hannun yarinyar nan ya tashi kamar ba nata ba. Yatsu, gira, kafaɗa, komai magana yake, har malamar tana haki wajen bin ta.

"Kakana yana ƙoƙari," in ji muryar malamar. "Kullum yana zama da ni. Amma duk tambayar da aka yi, amsarta kuɗin bijimi ce."

Kotu ta kwashe da dariya, har kafaɗar alƙali na gani tana motsi. Na lura duk lokacin da za ta ce kakana sai ta cusa hannu cikin hannun rigarta. Ashe sunana ke nan a wurinta, ban sani ba.

"Ban ce a sauƙaƙa mini jarrabawa ba. A ba ni abin da aka ba ƙannena. In na faɗi bayan nan, ni na faɗi."

Tun tana zanen goyo nake tare da ita, ina zaton maganarta ba ta wuce ci, sha, zo, tafi ba. Ashe iyakata ke nan, ba tata ba.

Alƙali ya ba su lokaci su daidaita, suka daidaita. Aka riƙa ɗaukar darasin a bidiyo da maganar hannu, a zuba a memori, a ba direbobin tasha su kawo. Uban nan da ya yanke hukunci, shi ke zuwa tasha yana jiran mota, wayarsa kuma ta koma hannunta. Da aka koma ta rubuta jarrabawa, ta ci.

Har yau in na tuna, abin da ke tsaya mini shi ne shirun nan. A ce akwai ɗaki a ƙasar nan da za a tsayar da manya masu digiri, a sa su yi tsit, saboda ɗiyar talaka daga bakin iyaka ba ta ji darasi ba. Na yi yawo, na ga kasuwanni har cikin Nijar, ban ga abin da ya kai wannan ba.

Yanzu duk hutu ita ke koya mini maganar hannu. Ta ce yatsuna har gobe warin kara suke yi, amma in na dage bana za ta ƙara mini aji. Aji uku, jama'a. Ban taɓa kaiwa can ba.